Gayyar da Muka Ajiye Sai Ranar Arba'in

Tun da aka yi rasuwar tsohon shugaban ƙasan nan a tsakiyar daminar bana, kunnena bai huta ba. A rediyo maganar ke nan, a majalisar ƙofar gidana a Abbare ma ita ce. Wani ya ce ƙuri'unsa sun bi shi kabari. Wani ya ce a'a, gado ne, kuma wanda ya fi iya kuka shi zai ci gadon. Jiya bayan la'asar ruwa ya tsare mu a zaure, aka yi ta ja-in-ja, har wani maƙwabcina ya juyo ya ce, "Baba Isa, kai da ka ga siyasar zamanin Turawa, wai mutuwa tana ba da ƙuri'a?"

Na ce tana bayarwa. Suka jira in ƙara, ban ƙara ba.

Da suka watse na sa aka miƙo mini biro. Karatuna bai wuce elemantare ba, hannuna kuma yanzu rawa yake yi, amma abin da bakina ya kasa faɗa a zaure gara takarda ta ɗauka kafin a ɗauke ni.

Shekarar da nake nufi Turawa suna nan, sai dai an fara ƙishin-ƙishin tafiyarsu. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da sabon aure. Jalingo a lokacin gari ne da mutum zai zaga da ƙafa tsakanin azahar da la'asar. Damina ta zo a karkace. Ruwan farko ya sauka da wuri, kowa ya yi murna ya zuba iri, sai sama ta ɗauke kusan wata guda. Shuka ta tsiro ta kai tsawon yatsa, ta murɗe, ta ƙone a tsaye. Da ruwa ya dawo dole aka sake shuka, kuma irin na biyu daga cikin abin ci aka ɗebe shi. Saboda haka rumbuna suka yi ƙasa tun kafin lokacin da suka saba.

A gidanmu tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Matata Rabi takan tashi da asuba ta dama kunu tsararo, wanda in ka leƙa ƙwaryar kana ganin fuskarka. Da rana tafasa ce ko rama, a kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba a ci da gishiri. Yaran unguwa sukan bi bayan gari suna tonon abin da ba mu saba ci ba. Mutum yana cikin magana sai ka ga ya nemi wuri ya zauna, ba ya ce maka jiri ne, kai ma ba ka tambaya.

Sai ga marka. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Katangu suka sha ruwa suka riƙa zaftarewa, tabarma ta yi funfuna, gishiri ya narke a ƙoƙo, ashana ta ƙi kamawa. Itace duk ya jiƙe. In Rabi ta hura wuta, hayaƙi ne ke cika ɗaki har idonta ya kaɗa kamar ta yi kuka.

A cikin markar nan Baba Sale ya kwanta.

Baba Sale baduku ne, mahaifinsa Bakano, kuma aminin mahaifina ne, a hannunsa na girma. Shi ne shugaban farko na reshen jam'iyyarmu a garin. Ba zan kama sunan jam'iyyar ba, ya isa in ce ba ita ce manyan gari ke so ba. Ya riƙe ta tun ba wanda ke yarda a gan shi a taronta, a rumfarsa ake haɗuwa, cikin warin jima da fata. Amma shekara guda kafin wannan damina mu samari muka sauke shi. Muka ce ya yi sanyi, har yanzu in ya ga mai unguwa sai ya rusuna ya gaishe shi. Da yake ni ne sakatare, ni na rubuta takardar, ni kuma na karanta ta a gabansa. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi Garba Tela da muka ɗora a madadinsa ya ce, "To, Allah ya taya ka riƙo." Ya sunkuya ya ci gaba da ɗinkin kuben da ke hannunsa.

Yana da gonar dawa a tsallaken kogin Lamurde, ita ke ciyar da gidansa. Da kansa ya gama noman firi, wato na farko, ruwa na dukansa, ya dawo da zazzaɓi. Kwana shida ya yi. Ranar Alhamis muka kai shi, kabarin ma sai da aka riƙa kwalfe ruwa da ƙwarya.

Ban taɓa ganin jana'iza irin tasa ba. Mahauta, maƙera, masu teburi, Fulanin gari, har da mutanen ƙauye da ba su yi sallar ba suka tsaya daga nesa. Mutanen ɗaya jam'iyyar ma sun zo, da wanda ake cewa shi za su tsayar in zaɓe ya zo. Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin zaure ya ce, yadda kowa zai ji, "Allah ya jiƙan mutumin kirki. Waɗanda ya goya su suka ci masa fuska." Ba wanda ya dube ni, amma na ji kamar duk zauren ni yake kallo.

Ranar sadakar uku ina tsaye ina karɓar baƙi sai ga Nyavo da ƙaton damin busasshen itace a ka. Wanda bai ga markar nan ba ba zai san girman wannan kyauta ba. Nyavo Mumuye ne, gonarsa ke iyaka da ta Baba Sale, kuma sun fi shekara goma suna tare. Baba Sale kan ɗinka musu kube da takalma, ya ajiye musu doya a rumfarsa ran kasuwa, su kuma duk damina sukan shigar masa maimai, wato noma na biyu, in sun gama nasu. Ya sauke itacen, ya ja ni gefe.

"Isa, gonan Sale ciyawa ya kama. Talata ni kawo mutane na, fartanya ashirin. Rana ɗaya ya ƙare."

Na ce, "Me za a tanadar muku?"

"Babu. Giya namu ne, a gida namu za mu sha. Ka faɗa ma matan shi kawai."

Na ce zan faɗa mata. Wallahi a lokacin da niyyar faɗa na ce.

Matar ita ce Inna Dija, Bafulatana daga wajen Sunkani. Ba ta kulle, tare da mijinta take zuwa gona, ta san kowace kunya da kowane kututture a cikinta. Allah bai ba su haihuwa da wuri ba, yara huɗu ya bari, babbar ba ta wuce shekara tara ba. Yanzu ga takaba ta ɗaure ta wata huɗu da kwana goma, ba fita. Duk abin da za ta sani game da gonar sai abin da aka zo aka faɗa mata.

Washegari mai shela ya zaga gari. Za a yi zaɓen wakilan unguwanni a majalisa, kuma kowane namiji mai biyan haraji zai fito ya tsaya a bayan wanda yake so. Ba dangwale a ɓoye irin na yanzu ba. Layi ne, a fili, mai unguwa na ganinka, surukinka na ganinka, wanda ya ba ka aron rumfa a kasuwa na ganinka. Mata kuwa ba a ma sa su a lissafi.

Da yamma muka taru a shagon Garba Tela, shi ne ɗan takararmu. Yana taka keke yana magana, ko ɗaga kai ba ya yi.

"Sakatare, gawar nan ta fi ƙarfinmu. Duk inda na bi sai a ce baƙin cikinmu ne ya kashe shi. Mahauta sun ce ba za su tsaya a bayana ba. In muka rasa mahauta mun rasa kasuwa."

Ni kuwa tun da na ji shelar nake ƙirga kwanaki da yatsu. Na ce, "Sadakar arba'in ran Litinin za ta faɗo. Zaɓe Laraba."

"To?"

"A yi wa gonarsa gayya ran arba'in. Gayyar jam'iyya. A tashi daga addu'a a wuce gona da ganga, duk gari ya ga su wane ne 'ya'yansa. Kwana biyu tsakani, ba wanda zai manta kafin ya shiga layi."

Garba ya cire ƙafa daga kan keke. Ina rubuta wannan ne don kada wani ya ɗora masa. Shi ya karɓa, amma daga bakina ta fito.

Akwai wani tsohon maƙeri a bakin ƙofa, ya ce, "Sakatare, ka taɓa riƙe fartanya kuwa, ko sai alƙalami? Yau kwana huɗu. Kana nufin shukar baya ta zauna cikin ciyawa har wata guda da ɗoriya, a markar nan?"

Garba ya ce, "Haba, Baba. Dawa ai ba gero ba ce, tana da haƙuri."

Aka yi dariya, maganar ta zauna. Sai na tuna musu da Nyavo da Talatarsa. Garba ya ce, "In suka nome ta, mu me za mu je mu nome? Kai ka kawo shawara, kai za ka san yadda ka yi da shi."

Ran Litinin na biya kwalekwale na haye. Yau akwai gada, mai mashin zai kai ka wajen kafin ka gama gaisawa da shi, amma a lokacin in Lamurde ya kawo, tsallake wata duniya ce. Na sami Nyavo a gindin dutse yana wasa fartanya. Da na ce masa jam'iyya ce za ta yi aikin, ya ce to, su fara, jam'iyya ta zo ta yi huɗa daga baya. Na ga ba zai bari ba. Sai na ce, "Inna ce ta aiko ni. Ta ce gonar mamaci ce, ita kuma tana takaba, ba ta so masu shan giya su taka ta bana."

Ya daina wasa fartanyar.

"Dija ya faɗa haka?"

"Ita ta faɗa."

"Shekara nawa ni noma gonan nan. Sale bai ce giya ba."

"Sale ya rasu, Nyavo."

Ya daɗe yana duban bakin fartanyar. Sannan ya ce, "To. Gona nashi ne. Amma ka faɗa ma shi, ciyawa ba ya san arba'in."

Da na dawo na biya ta gidan Inna. Akan shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ita tana daga bayan asabari, sai muryarta nake ji da ƙarar carbi. Bayan gaisuwa ta ce, "Isa, Nyavo bai ce komai ba? An ce shi ya kawo itacen nan. Shi ba ya bari maimai ya wuce."

Na ce, "Daga wajensa nake, Inna. Ya ce bana aiki ya yi masa yawa."

Carbin ya tsaya. Can ta ce, "To. Ashe zumuncin na mai rai ne."

"Kada ki damu. Jam'iyya za ta yi miki gayya irin wadda ba a taɓa yi ba."

"Yaushe?"

"Nan kusa. Ana shiri."

"Ɗana, ciyawar marka ba ta barci. Ku hanzarta."

Ƙarya biyu ke nan a yini ɗaya, kowacce tana riƙe da 'yar'uwarta. Daga ranar ban sake jin daɗin ruwan sama ba. In ya fara sauka a kan jinka, kowa na cewa alhamdu lillahi, ni kuwa ji nake kamar ina jin motsin ciyawa tana tashi a tsallaken kogi. Duk Juma'a in an sauko nakan je in gaishe ta, ta tambaye ni gona, in ce lafiya lau take. Takan tambayi wurare da sunansu. Wajen tsamiya ruwa bai kwanta ba? Ta gindin suri ta yi baƙi? Ita ce ke fara yin ciki kowace shekara. Ni da ban je ba sai in ce ta yi baƙi ƙirin, Inna, har sha'awa.

Da aka yi kwana ashirin na kasa daurewa, na ari fartanya na haye ni kaɗai. Ban gane gonar ba. Sai da na nemi tsamiyar sannan na san a ciki nake tsaye. Harƙiya da tofa sun kai mini ƙugu, sai ka buɗa da hannu kafin ka ga dawar, siririya, ganyenta ya yi rawaya. A gefe ɗaya kuma gonar Nyavo, tas kamar tsakar gida, iyakar ta fito miƙe kamar an ja ta da igiya. Ko kunya ɗaya bai tsallako ba. An ce masa kada ya taka, bai taka ba.

Na duƙa na fara. Ciki ba komai sai kunun safe. Ƙasa ta jiƙe, in ka sare ciyawa ka juya ta sai ta kwanta da saiwarta cikin laka tana jiran ruwan gobe. Kafin azahar tafina ya yi kanta ya fashe, na ɗago na duba abin da na yi, bai fi shimfiɗar tabarma biyar ba. Yau yaro ɗaya da tankin feshi a baya zai gama da gonar nan kafin rana ta take. A ranar kuwa hannu ashirin take nema, kuma hannuwan suna nan, ina jin muryoyinsu daga gindin dutse. Na taka har bakin iyaka. Abin da ya rage kawai in ƙarasa in ce, Nyavo, ƙarya na yi maka. Na tsaya a nan har inuwa ta juya, sannan na koma bakin kogi.

Na sami Garba na ce a matso da gayyar, ko Juma'a mai zuwa. Ya ce, "An riga an gaya wa makaɗi, an gaya wa mahauta, sun fara saukowa. In aka yi yanzu, kafin zaɓe an manta, waɗancan kuma su zo ran arba'in da buhun hatsi su kwashe ladan. Ko so kake mu faɗi? Ka san in muka faɗi ba za a bar mu mu zauna a kasuwar nan ba." Wannan gaskiya ce, kuma ni ma ina tsoronta. Na bar maganar.

Akwai abin da ban saka a lissafina ba. Al'adar gayya, mai gona ke ciyar da mutane. Garba ya ce jam'iyya za ta ɗauka, amma da aka duba, abin da jam'iyya ke iyawa bai wuce goro da kuɗin makaɗi ba. Inna ta ji, ta ce ba a taɓa yi wa gonar Sale aiki da yunwa ba, ba kuma za a fara a bayan ransa ba. Ga sadakar arba'in ita ma da nata abincin. Ta sa matan unguwa suka sauke abin da ya rage mata. Rabi na cikin masu daka. Ta dawo da yamma hannu duk dusa ta ce, "Har ƙasan rumbun muka share da tsintsiya. Na ce ta rage na yara, ta ce sabo ya kusa, tunda kai ka ce gona ta yi kyau." Ta ci gaba da wanke hannunta. Ba ta san komai ba, ni kuwa na kasa cin tuwo.

Ran arba'in gari ya waye tas, marka ta ɗauke, rana ta fito da zafinta. Aka yi addu'a, aka raba waina, sannan ganga ta tashi. Mutum ya fi ɗari. Masu kwalekwale suka yi ta kai da kawowa, matan unguwa na biye da ƙoren tuwo da tulunan kunu. Mahauta suka zo gaba ɗayansu. Ana tafe ana waƙa har muka iso tsamiya, sai waƙar ta mutu da kanta.

Ciyawa ta kai ƙirji, ta fitar da kai. Waɗanda suka san noma suka tsaya rataye da fartanya a kafaɗa. Tsohon maƙerin nan ya tsuguna ya ja karan dawa ɗaya, ya taho a hannunsa ba wuya. Ya dube shi, ya dube ni, ya yar.

Na ce a raina yau asiri ya tonu, yanzu wani zai tambaya me ya sa aka jira. Ba wanda ya tambaya. Garba ya hau kan suri ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku duba da idonku. Wannan ita ce gonar talaka in ya mutu. Shekara nawa Baba Sale yana biyan haraji? Wa ya leƙo? Waɗanda suka zo zaure suna yabonsa, ina fartanyarsu? Mu ne 'ya'yansa. Mun saɓa masa yana raye, mun zo neman gafara da hannunmu."

Na ga manyan mutane suna share ido da bakin riga. Lalacewar gonar ta yi mana aikin da gyaranta ba zai yi ba.

Makaɗi ya saki ganga aka afka. Teloli, masu teburi, dillalai, mutanen da rabonsu da gona tun suna yara. Da zuciya ɗaya suka yi, ba na zarginsu. Amma cikin wannan duhuwa wa zai bambance dawa da ciyawa, ga ganga na zuga kowa ya riga ɗan'uwansa kai ƙarshen kunya? Rabin abin da ya rage a tsaye ranar aka sare shi. Kafin la'asar gona ta yi fili, ɗan karan da ya tsira yana tsaye jefi-jefi, rana na dukan saiwarsa. Aka zauna aka cinye tuwon Inna har da suɗe ƙwarya. Can a kan iyaka na hango Nyavo tsaye tsakanin kunyoyin doyarsa. Bai matso ba, bai kuma tafi ba sai da muka tafi.

Na je na gaya wa Inna an gama, mutum ya fi ɗari. Ta yi ta sa albarka. In akwai matan da suka ga gonar suka gane, to ba wadda ta iya faɗa wa mai takaba.

Ran Laraba aka taru a fili. Bature na zaune a inuwa da littafi, malaminsa na bin layi yana dafa kafaɗar kowa yana ƙirgawa. Da farko bayan Garba mu ne kawai, 'yan jam'iyya, ba mu fi ashirin ba. Jama'a suka yi cirko-cirko a tsakiya, kowa na jira ya ga inda maƙwabcinsa zai nufa, mai unguwa kuma na zaune yana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Sai wani babban mahauci ya gyara hula ya ce, "Ni dai bayan Sale zan tsaya." Ya tako ya tsaya a bayan Garba. Kasuwa ta biyo shi. Layinmu ya yi tsawo har ya lanƙwasa ta bayan masallaci. Ba don Garba suka tsaya ba, shi ma ya sani.

Muka ci. Garba ya shiga majalisa, ni kuma ya samo mini aikin malanta a ofis, har da rigar kaki.

Sauran watannin takabar da taimakon maƙwabta gidan Inna ya rayu, wannan ta kawo masara, waccan ta kawo rogo. Ni ma nakan kai abin da na samu, ana yaba mini. Da kaka ta yi, kwanakin takabarta suka cika. Ta yi wanka, ta sauya tufafi, ta zaga ta yi godiya gida-gida, washegari da sassafe ta aiko a kira ni. Ta ce, "Zo ka raka ni in ga gonata. Na yi mafarkinta ya fi a ƙirga." Ta ɗauki wuƙar yankan dawa da igiya mai yawa.

Kogi ya janye, iya gwiwa muka ratsa. Duk hanya gonakin mutane sun sunkuya da zangarniya, tana tafe tana yaba ta wane da ta wane. Da muka iso tsamiya ta tsaya. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta shiga tana bin karan ɗaya bayan ɗaya, tana kama kan tana murzawa a tafinta. Gonar da ke ba su dami arba'in, abin da muka tara ranar bai cika biyar ba. Igiyar da ta kawo ko kwance yawancinta ba a yi ba.

Muna ɗaure na ƙarshe sai ga Nyavo ya fito daga gonarsa da kwandon doya. Ya ajiye a kan iyaka, bai tsallako ba. Ya ce, "Sannu, Dija. Sannu da fita."

Ta miƙe ta dube shi.

"Nyavo, me Sale ya yi maka? Kwana nawa da rufe shi ka ce aiki ya yi maka yawa? Yini ɗaya kawai. Kana nan kana kallo ciyawa ta cinye abincin marayu, ko kunya ɗaya ba ka tsallako ba."

Ya buɗe baki. Sai ya juyo ya dube ni, ni da rigar kakina, na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Na jira. Ni ma bakina yana nan, ba wanda ya riƙe mini shi.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Dija. Ga doya, na yara."

Har yau ban san dalilinsa ba. Ko tausayina ya ji, ko nata, ko kuwa ya duba ya ga maganar mutumin gindin dutse ba za ta kayar da ta malamin ofis ba. Ban taɓa tambayarsa ba, domin daga ranar in na hango shi a kasuwa sai in sauya hanya, har ya mutu.

Ta ce, "Ɗauki doyarka. 'Ya'yan Sale ba su ci."

Ta ɗora dami ɗaya a ka, na ɗauki ɗaya, sauran muka ce a aiko da jaki. A hanya ta riƙa magana a hankali, kamar da kanta take yi. Wannan ba zai kai su ko wata biyu ba. Manyan biyu za ta aika Kano wurin dangin ubansu, in an sami mai tafiya. Ita da ƙananan za ta koma Sunkani gidan wanta. Rumfar da kayan dukancin a sayar. Haka kuwa aka yi kafin bazara, kuma yaran nan huɗu ba su sake kwana a ɗaki ɗaya ba.

Da muka iso bakin kogi ta sauke damin don ta tattare zane. Ta dube ni, ta ga idona ya kawo ruwa, ta ɗauka na tausayi ne.

"Kada ka sa wa ranka, ɗana. Kun yi iyakar yinku, ruwa ne ya yi yawa. Da kowa ya juya baya kai kaɗai ka yi ta sintiri a kan gonar nan. Allah ya yi maka albarka, Isa. Yadda ka riƙe amanar Sale, Allah ya ba ka masu riƙe taka."

Na ce, "Amin, Inna."